Sai Malama Ta Ci Tuwon Gidanmu

Kakata ta wajen uwa sau ɗaya tak ta taɓa hana ni albarkarta, kuma a kan karatun Asabar ne. Tsohuwar da ko koko ta aike ni saye a bakin titi, in na dawo sai ta ce Allah ya yi miki albarka, ko da na zubar da rabi a hanya. Amma shekarar da nake babbar sakandare, da aka zaɓe ni cikin yaran da za su riƙa zuwa jami'a kowace Asabar ana koya musu kimiyya, sai ta kulle bakinta gam. Na shigo mata da labarin ina tsalle, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wane ne malamin?" Na ce mace ce, ni ma ban gan ta ba tukuna. Ta ce, "To, in kin gan ta, ni ma in gan ta." Ta ci gaba da jan carbinta. Na tsaya ina jiran addu'ar da na saba ji, shiru.

A ɗakinta na tashi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurinta kamar yadda ake yi, sai dai ni ba a taɓa mayar da ni ba. Gidanmu a unguwar Maamobi, cikin birnin Akra, gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa, ɗakin Kaka kuma shi ne na ƙarshe, mai tagar da ke kallon lungu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, ni kuma in ce mata tsohuwa, mahaifiyata Mma tana hararata. Ta yi shekara da shekaru tana sayar da albasa a kasuwar Makola, har yaren Ga na mutanen Akra ya zauna a bakinta fiye da na wasu masu yaren. A lokacin da nake wannan labari ƙafafunta sun daina kai ta ko'ina, iyakarta ƙofar gida.

Na yi mata gardama, ni da ba a raba ni da gardama. Sai ta ajiye carbi ta ce, "A inda na tashi ba a miƙa yaro ga malamin da ba a ga idonsa ba. In yaro ya sauke karatu, malam ya zo gida ya ci tuwo, ɗalibi ya biya a gaban jama'a, malam ya ɗora masa hannu a ka. Sannan karatu ya zauna. Wanda ba a yi wa haka ba, rigar aro ce a wuyansa."

Na ce, "Haba tsohuwa! Jami'a ce fa, ba makarantar bayan masallaci ba. Ɗaliban matar nan sun fi mutanen lungun nan yawa. Ita ce za ta bar aikinta ta zo tana tsallaken kwata saboda tuwonki?"

Ta ce, "In tuwona bai raina ta ba, ita ma ba za ta raina shi ba. Miƙo mini ruwa."

Har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kamar barci ne na yi mai daɗi. Da an idar da sallar asuba nake fita, in bi lungu in tsallake gadar katako, in kama trotro, motar haya mai zuwa unguwar Madina, meti, wato yaron mota, yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja da muryar da barci bai gama saki ba. Hayaniyar gari takan riƙa zubewa a hanya kaɗan-kaɗan, har in sauka a ƙofar jami'a in tarar da wani irin shiru. Ni 'yar Maamobi, wadda ba ta taɓa jin takun ƙafarta ba saboda rediyon maƙwabta, sai ga ni ina tafiya ina jin takalmina yana magana da ƙasa. Bishiyoyi manya-manya, fararen gine-gine masu jan rufi, tsuntsaye suna ta sha'aninsu ba mai jifan su. Nakan rage sauri da gangan don kada hanyar ta ƙare.

Malamar tamu gajeruwa ce, 'yar ƙabilar Ewe amma haifaffiyar Akra, tabaranta a rataye da igiya a wuya, dariyarta kuwa tun daga matakala ake jin ta. Ita ta raba mana fararen kwat na ɗakin gwaji, tawa ta yi mini yawa sai da na naɗe hannu. Wata Asabar ta ce kowa ya zo da ruwan unguwarsu. Wasu suka kawo na famfo, wasu na rijiyar gidansu. Ni kuwa na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ɗaura kwalba a igiya na zura cikin babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da Maamobi, na kawo mata baƙin ruwan nan mai wari. Wasu 'yan gayu suka toshe hanci. Malama ta ɗaga kwalbar sama ta duba a hasken taga, ta ce yau ni ce na zo da dukiya.

Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan da ake kira maikiroskop, ta ce in duba. Da farko haske kawai na gani, fari fat kamar tsakiyar faranti. Ta kama yatsana ta murɗa wani abu a hankali. Ikon Allah! Wani abu ya wuce ta gabana yana iyo, bai ko kula da ni ba. Wani ya biyo shi. Wani kore yana juyi shi kaɗai a gefe, ba ya gaba ba ya baya. Na manta da ɗakin, na manta da masu toshe hanci, na manta ma cewa tsaye nake. Da na ɗago kai sai na tarar kowa ya fita shan iska, Malama ce kaɗai zaune a kan tebur tana kaɗa ƙafa tana kallona.

Ranar nan, da na dawo gida, na daɗe a kan gadar katako, mutane suna ture ni suna tsaki. Ina kallon ruwan nan da na tsana tun ina ƙarama, ledoji da ɓawon lemo suna tafiya a kansa, rana tana faɗuwa a cikinsa. A nan na yanke wa kaina cewa wannan karatu shi zan yi har ƙarshe, in shiga jami'ar nan, in kwana in tashi a cikinta.

Ban ba Kaka labarin ba. Fushi nake yi da ita, kuma ni in na yi fushi bakina ne ke fara yajin aiki. Kowace Asabar in na shirya sai in durƙusa in ce, "Tsohuwa, na tafi." Ta ce, "A dawo lafiya." Shi ke nan. Mma takan sa mini albarka, Baba ma haka, amma wallahi in na fita daga ɗakin nan sai in ji kamar na fito ba mayafi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada in kama hanyar da bakin Kaka bai bi ni ba. Ga tsufa yana cin ta a idona. Wani lokaci ina tsakiyar duba madubi sai abin ya faɗo mini a rai, haske ya dushe.

Haka muka yi ta yi har karatun ya ƙare, jami'a ta sa ranar bikin yaye mu. Kujera biyu aka ba kowane ɗalibi, don haka Baba da Mma ne za su je. Da safen ranar, ina ɗaura ɗankwali, Kaka ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashinta. Goro ne, fari da ja, a naɗe cikin ɗanyen ganye. Ta ce, "Ki ba malamarki hannu da hannu. Ki ce tuwo na jiran ta Lahadi mai zuwa bayan azahar." A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa irin su Maamobi, ba a gayya da baki kawai, goro ake aikawa, wanda kuwa ya karɓa ya sa a aljihu ya ɗauki alkawari. Na karɓa ina ƙunƙuni na cusa a jaka.

Bikin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Babban ɗaki mai sanyi, sanyin da ya sa Mma ta ƙudundune cikin gyale tana tambayar ko ba a kashe shi. Manyan malamai suka yi jawabi, suka ce mu ne gobe. Aka riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya, muna hawa cikin fararen kwat ɗinmu, ana miƙa mana takardar shaida ana tafi. Da aka kira ni sai na hau, fitilu suna yawo a idona, daga can baya kuma na jiyo guɗar Mma ita kaɗai, siririya, a ɗakin da ba a saba yi masa guɗa ba. Mutane suka waiwaya suna dariya. Ni dai daɗi ya kashe ni. Kafin ka ce kwabo an tashi, aka ba kowa ɗan kwali da mitfai, fulawa mai nama a ciki, da lemo. Baba ya dubi kwalin, ya dubi mutane suna fita, ya ce, "An gama ke nan? Ni na ɗauka yanzu za a fara."

A cikin wannan turmutsutsu na kutsa na sami Malama. Iyaye sun kewaye ta, kowa na son hoto. Na tura mata ƙunshin a hannu, na ce da Turanci, cikin sauri, kakata ce ta aiko, Lahadi, Maamobi, akwai abinci. Ta buɗe ganyen ta leƙa, ta yi dariyarta, ta ce na gode ƙwarai, ta sa a aljihun kwat. Wani mutum ya ja ta zuwa hoto. Ko kwatancen gida ban samu na yi mata ba, in ma na samu me zan ce? Lungunmu ba shi da suna, gidanmu ba shi da lamba.

Da muka dawo Kaka ba ta tambayi takarda ba. Ta ce, "Ta karɓi goro?" Na ce ta karɓa. "Ta sa a aljihu?" Na ce ta sa, amma fa tsohuwa, ita kyauta ta ɗauka. Ta ce, "To za ta zo." Ta ɗaga murya ta kira Mma ta ce a fara shirin walima.

Tabɗijam! A Zango biki ba ya zama na mutum ɗaya. Kafin kwana biyu labari ya tsallaka kwata ya isa Nima. Akwai 'yan mata biyu na can da muka yi karatun tare, iyayensu mata suka zo da kansu suka ce ba za a yi babu su ba. Aka fitar da yayi, wato atamfa iri ɗaya da kowa zai ɗinka, shuɗiya mai zanen ganye. Teloli suka kwana a kan keke. Aka yi mana lalle mu uku. Mma ta wanke farar kwat ɗina da bula, ta sa mata sitaci har ta kusa tsayawa da ƙafarta. Ni kuwa ina ta ƙirga tukwanen da ake arowa. Na sami Mma a madafa na ce mata matar nan fa ba ta san an gayyace ta ba. Mma ta share gumi ta ce, "Je ki gaya wa kakarki, in kin isa."

Lahadi ta zo. Aka kafa rumfa ta toshe lungu, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa tabarmi. Tuwo zafi da miyar ayoyo, wato lalo, wake da shinkafa da baƙin yajin shito, sobolo, wato zoɓo, mai sanyi a manyan robobi. Maza biyu suka ɗauko Kaka da kujerarta suka ajiye ta a ƙofar gida, ta sha yayi, ta sha kwalli, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a gabanta ta ce nan ne wurin malama. Aka ajiye kwanon malama a rufe da faifai. Kaka ta kafa doka, ba mai buɗe kwano sai malama ta sa hannu. Mu uku aka zaunar da mu a tsakiya, farar kwat a kan yayi, muna zufa.

Azahar ta wuce. Limamin masallacin lungunmu ya zo ya zauna, ya yi hira, ya yi gyangyaɗi. Mma ta riƙa jan yara bayan gida tana cusa musu loma a ɓoye. Mata suka fara magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi don a ji. Ni dai na zuba wa robar sobolo ido. Raɓa ta taru a jikinta, ɗigo yana gangarowa ya haɗu da ɗigo, hasken rumfa ja yana cikin kowanne. Na riƙa bin su da ido har muryoyin mutane suka yi nisa, na ga kaina a hanyar nan mai bishiyoyi ina tafiya, ina tafiya, ƙofar ɗakin gwaji tana ja da baya. Kiran la'asar ne ya dawo da ni.

Da aka idar da salla na kasa daurewa. Na je na tsuguna kusa da kujerarta, hawaye na cin idona, na ce, "Tsohuwa, kin ga abin da kika jawo mana? Ba za ta zo ba. Ba ta san goro ba. Ki bar mutane su ci abinci su tafi, kunyar ta isa haka."

Ba ta ko dube ni ba. Idonta na bakin lungu. Ta ce, "Babu wanda bai san goro ba." Amma na ga hannunta a kan carbi, ba ya jan komai. Sai fushina ya koma tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

Can sai ga hayaniya daga bakin lungu. Mata ne wajen goma, cikin wani yayi daban, kore, ba namu ba, suna tafe suna shewa. A tsakiyarsu ga wata gajeruwa, an yafa mata gyalen aro, tabarau na lilo a ƙirjinta. Tun kafin in ga fuskar na ji dariyar. Wayyo Allah, ban san lokacin da na kwasa a guje ba, kwat mai sitaci tana ƙara a jikina.

Ashe tun da rana take cikin Maamobi. Ita ta ba da labarin da bakinta, da yaren Ga, bayan ta durƙusa ta gaida Kaka. Ta ce ranar bikin ta ajiye goron a kan tebur a gida, tsohuwarta ta gani ta tambaya daga ina. Da ta ji daga Zango ne sai ta ce kada ta kuskura ta manta ranar, goron mutanen Zango ba a cin sa a banza. To, yau da ta fito daga coci ta sauka a bakin titi, ta tambayi wata mai sayar da abinci ina ake biki. Aka nuna mata inda hayaƙi ke tashi. Gidan suna ne. Ba wanda ya tambaye ta ko wace ce, suka zaunar da ita, suka cika mata kwano, suka miƙa mata jariri ta riƙe. Sai da ta ci ta sha, ta yi ta jiran in fito, sannan ta tambayi ina yarinyar jami'a. Matan suka kwashe da dariya suka ce ai wannan walimar tsohuwa mai albasa ce, suka rako ta da kansu.

Lungu ya ɗauki dariya, har liman. Kaka ce kaɗai ba ta yi ba. Kallon Malama take yi, kallo mai tsawo, tun daga furfurar da ta fara fito mata har zuwa ƙurar da ke ƙafarta. Ta nuna mata tabarma. Aka kawo ruwa ta wanke hannu, aka buɗe kwano. Baiwar Allah, cikinta a cike, amma ta yanki tuwo ta dangwali miya ta kai baki, Kaka na bin kowace loma da ido. Sannan ta fara yi mata tambayoyi da Ga, ni ina gefe ina saurare.

"Tsohuwarki na da lafiya?"

"Tana da lafiya, Kaka, sai dai gwiwa."

"Kina zuwa ganin ta?"

"Gida ɗaya muke."

Kaka ta gyaɗa kai a hankali. Ta juyo gare ni ta ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "To, takwara, tashi ki biya mu ji."

Na miƙe tsaye. A walimar sauka ɗalibi kan riƙe allo ya karanta, ni me zan riƙe? Duk abin da na koya da Turanci na koya shi. Hausarmu ta Zango kuwa ta ciniki ce da gaisuwa da faɗa, ban taɓa aiken ta irin wannan wuri ba. Na dubi abokan karatuna biyu, kowacce ta sunkuyar da kai tana duba lallenta, munafukai. Na fassara wa Malama abin da ake so, ta lashe yatsa ta ce in gaya musu abin da na gani a ruwan da na kawo.

Na rufe ido, don in na ga fuskoki ba zan iya ba. Na ce, "Kaka, a cikin ɗigon ruwa ɗaya, wanda bai kai hawaye girma ba, akwai gari." Na ji ana matso da kujeru. Na ce akwai masu rai a ciki, ido ba ya ganin su, suna ci, suna yawo, suna kauce wa juna a hanya. Akwai mai siffar silifa, jikinsa duk gashi, da gashin yake tuƙa kansa. Akwai kore, wanda ba ya neman abinci wurin kowa, hasken rana yake sha ya ƙoshi. Akwai wanda ba shi da siffa ko ɗaya, inda yake son zuwa sai ya miƙa jikinsa can, sauran jikin ya biyo baya. Kaɗan daga cikinsu ne ke sa mu ciwo, mafi yawansu ba su ma san muna duniya ba. Kalmomin suka riƙa zuwa da kansu, wasu ban san ina da su ba. Wata mata ta ce subhanallahi. Na ji wani ya ajiye kofinsa a ƙasa.

Muryar Kaka ta ce, "Suna haihuwa?"

Na buɗe ido. Na ce wasunsu ba sa haihuwa irin tamu. In ɗaya ya girma sai ya tsuke a tsakiya, ya yi ta tsukewa har ya rabu biyu, kowanne ya kama gabansa. Na gani da idona.

Ta ce, "In sun rabu, suna waiwayen juna?"

Na ce ban sani ba. Na juya tambayar ga Malama. Ta ce ita ma ba ta taɓa dubawa ba.

Liman ya ce to, saura ɗora hannu. Na gaya wa Malama abin da ake yi, sai na ga dariyar nan ta ɓace daga fuskarta. Ta ce ita fa Kirista ce, ba ta san addu'armu ba. Kaka ta ce mata da Ga, malami malami ne, ta yi da bakin da uwarta ta koya mata. Muka durƙusa mu uku. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina na ji tafinta da ɗumi, da ƙanshin miyar ayoyo. Ta yi magana da yaren Ewe, a hankali. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya a lungun nan, amma duk inda ta numfasa sai jama'a su ce amin. Liman ya rufe da fatiha, aka shafa, guɗa ta tashi ta ko'ina, na yayi shuɗi da na yayi kore.

Ni ban tashi ba. Na ja gwiwa zuwa gaban kujerar Kaka na sunkuyar da kai. Ta kama hannuna na dama, ta kama na Malama, ta haɗa su a kan cinyarta, ta ce mata da Ga, ga amana nan. Sannan ta sunkuyo daidai kunnena, ta koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Takwara, ke a zatonki rowar albarka nake miki? Tun ranar da kika shigo kina tsalle na san karatun nan fitar da ke zai yi daga ɗakina. Ban ce kada ki je ba. So nake in ga fuskar wadda za ta tafi da ke."

Ta tofa addu'a a tafinta ta shafa mini daga goshi har ƙeya. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Je ki."

Ta ɗaga kai ta ce wa Mma a buɗe kwanuka, mutane sun sha yunwa. Lungu ya kaure da ƙarar faranti da kiran yara. Na sami abin da na yi shekara ina nema, an ce in je, sai na kasa tashi. Na kifa fuskata a gwiwarta mai ciwo ina kuka kamar ranar da aka yaye ni, ita kuwa ba ta ce in ɗaga ba.